Tambaya da Amsa: Wutar Sola a Motar da Ake Kwana a Cikinta

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan magana guda, wato yadda za a haɗa wutar sola a motar da mutum yake kwana a ciki, nesa da wutar gari. A Turai da Amurka da Ostareliya ana ƙera irin waɗannan motoci da gado da kicin domin yawon hutu. A wajenmu yawanci neman abinci ne yake sa mutum ya mayar da bas ɗaki. Ko ta ina aka bi, lissafin wutar ɗaya ne. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ina bin rugage, nakan yi kwana uku ko huɗu a daji. Na cire kujerun bayan Hiace ɗina na shimfiɗa katifa. Ina son ƙaramin firij na magani, fanka biyu, fitilu, da cajin salula da kwamfuta. Fanel nawa zan saya?
— Mai karatu daga Maradi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar fanel tukuna, ka ɗauko takarda da biro. Abin da ake fara sani shi ne yawan wutar da kayanka suke ci daga safiyar yau zuwa safiyar gobe. Kowane kaya akwai wat ɗinsa a rubuce a jiki. Ka ninka wat ɗin da yawan awannin da zai yi yana aiki, abin da ya fito shi ne ake rubutawa Wh.

Firij mai kwamfireso na 12V, mai cin lita 40, yakan ja wat 45. Ba ya aiki kullum, tashi yake yana hutawa, amma a zafin Afrilu da Mayu ka ɗauka rabin lokacin a tashe yake: awa 12, wato 540Wh. Fanka biyu na 12V, kowace wat 15, awa 9 na dare, 270Wh. Ƙwai uku na LED masu wat 5, awa 5, 75Wh. Salula uku, 45Wh. Kwamfuta mai wat 60, awa 2, 120Wh. Jimla 1,050Wh. Ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda abin da yake salwanta a waya da wajen caji, ka sami 1,260Wh. A kan wannan lambar za ka gina komai.

Yanzu fanel. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a masana'anta, fanel ɗin yana da sanyin digiri 25. A kan rufin mota da tsakar ranar Maradi jikinsa yana kai digiri 65, kuma kowane digiri ɗaya da ya haura 25 yana rage masa ƙarfi da kimanin kashi 0.35 cikin ɗari. Digiri 40 ke nan, asarar kashi 14. Ga ƙura, ga shi a kwance yake, bai fuskanci rana sosai da safe da yamma ba. Don haka muke lissafi da kashi 70 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna samun abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Ɗauki 5, domin watan Agusta da kwanakin hazo. Kowane wat 100 zai ba ka 350Wh a yini. Raba 1,260 da 350, ya ba ka 3.6, wato wat 360. Sayi fanel biyu masu wat 200. Kowane tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne, faɗi kusan santimita 70, rufin Hiace zai ɗauke su har da saura.

Batir shi ne inda kuɗi yake tafiya, kuma nan ne aka fi yin asara. Kamar randa yake: komai yawan ruwan da aka ɗebo da rana, iyakar abin da ta riƙe shi za a sha da dare. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi za ka ci kusan 700Wh. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai 12.8V da 100Ah (Ah ma'aunin girman batir ne, in aka ninka shi da V ake samun Wh) yana riƙe 1,280Wh, kuma za ka iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa ba tare da ka cutar da shi ba. Ya ishe ka dare, ya kusa isarka yini guda na hadari. In aljihu zai ɗauka, 200Ah ya fi kwanciyar hankali ga mai ajiyar magani. Batirin dalma kuwa, gel ko AGM, rabinsa kawai ake ci; in ana wuce rabi kullum, ba ya daɗewa. Sai ka sami 200Ah kafin ka ci 1,200Wh, nauyinsa kusan kilo 60, alhali litiyam mai 100Ah bai fi kilo 12 ko 13 ba. Dogon batirin ruwa da ake sa wa inbata a gida, mu dai ba mu yarda a sa shi inda mutum yake barci ba. A hanyar burji ruwan asid yana fantsalowa, kuma yayin caji yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Batirin tada mota shi ma ba na wannan aiki ba ne. An yi shi ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙu kaɗan, in ana sauke shi kowane dare watanni kaɗan zai yi.

Kwantirola, wato na'urar da take tsakanin fanel da batir tana daidaita caji: raba wat 400 da 13.5V, ka sami kusan amfiya 30. Nemi kwantirola irin MPPT mai 30A wadda take karɓar 100V daga fanel. In litiyam ka saya, ka shiga saitinta ka zaɓi litiyam, ko ka sa cikar caji 14.2 zuwa 14.4V, hutawa 13.5V, ka kashe abin da aka rubuta equalize, domin wannan na batirin ruwa ne. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da kwantirola, ta gane ƙarfinsa, sannan fanel. Wajen kwancewa fanel ake fara cirewa. Da yawa sun ƙone sabuwar kwantirola a ranar farko saboda juya wannan tsari.

Abu biyu game da aikinka. Yawancin alluran riga-kafi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, daskarewa tana lalata wasunsu kamar yadda zafi yake yi, saboda haka ka jefa ma'aunin zafi daban a cikin firij ɗin, kada ka dogara da lambar da take jikinsa. Sannan ka bar wa gefen kwamfireso sararin akalla santimita 10 ya sha iska. Firij ɗin da aka cusa tsakanin buhuna yana iya ninka cin wutarsa, lissafin da muka yi ya rushe.

Tambaya: Na sa inbata mai wat 1,000 a motata. Da na kunna injin markaɗe, sai wayar da ta taso daga batir ta yi zafi har robarta ta narke. Mai riwaya ya ce inbatar ce ba ta da kyau. Haka ne?
— Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da abin ya tsaya a roba. Da wuya laifin inbata ne. Kayan da yake cin wat 1,000 a wutar gida ta 230V amfiya 4 da ɗoriya yake ja, siririyar waya ta ishe shi. Wat 1,000 ɗin nan a ɓangaren batir na 12V, in an haɗa da abin da inbata take ɓatarwa, ya kai amfiya 95. Zafin waya kuma ba daidai da amfiya yake hawa ba: in amfiya ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Wayar da ake sa wa soket a gida ba za ta jure wannan ba ko na minti kaɗan.

Daga batir zuwa inbata mai wat 1,000 sa waya mai kaurin 35mm², tsawonta kada ya wuce mita ɗaya da rabi, da fis mai 125A. Daga kwantirola mai 30A zuwa batir, 10mm² da fis mai 40A. Daga fanel zuwa kwantirola, wayar sola mai 4mm² ko 6mm², wadda robarta take jure rana. Firij 4mm² da fis mai 15A. Fitilu da fanka 1.5mm² da fis mai 5A zuwa 10A.

In kana so ka gwada kaurin waya da kanka, ga lissafin: tsawo a mita sau 2, domin zuwa da dawowa, sau amfiya, sau 0.0175, a raba da kaurin wayar. Abin da ya fito shi ne wutar da ta zube a hanya. Firij mai jan 5A da yake mita 4 daga batir, da waya 1.5mm², yana rasa 0.47V. Da 4mm² kuwa 0.18V. Wannan ɗan bambancin shi ne yake sa firij ya riƙa kashe kansa da asuba alhali batir bai ƙare ba, domin lokacin tashin kwamfireso yakan fizgi wuta fiye da haka, sai ya ga kamar batir ya yi ƙasa. A tsarin 12V kada zubar ta wuce 0.4V.

Maganar da ta fi damunmu a wasiƙarka ita ce ba ka ambaci fis ba. Fis waya yake karewa, ba kaya ba. Kowace jar waya da ta bar kan batir mai alamar +, a sa mata fis kusa da batir ɗin, cikin santimita 20. Dalili: mota tana girgiza, waya tana gugar ƙarfe, ranar da robar ta cinye jar waya ta taɓa bodi, batir zai tura ɗaruruwan amfiya ta cikinta nan take. In fis yana can nesa kusa da inbata, duk tsawon da yake bayansa ba shi da mai tsaro. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba, a ɗaure ta kowane santimita 30 zuwa 40.

A kula da kasuwa. Akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare silin ɗaya da wuƙa. In cikin fari ne, bar musu kayansu, domin ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, tana kuma karyewa a bakin haɗi. Sayi mai silili da yawa mai laushi, ba mai ƙarfe guda ta ginin gida ba. A matse kan waya da abin matsewa na gaskiya, ba duka da guduma ba, a ja da hannu a tabbatar bai zame ba. Haɗin da ya yi sako-sako shi ma zafi yake yi ko da wayar ta yi kauri. Bireka kuma sai wadda aka rubuta DC a jikinta. Ta wutar gida ba ta iya kashe tartsatsin wutar batir da ta fanel yadda ya kamata.

Ƙari ɗaya: inbata ko ba ta ɗauke da komai tana cin wat 10 zuwa 25. In ta kwana ta yini a kunne, 240 zuwa 600Wh sun tafi a banza, kusan cin firij. Duk abin da ake samu na 12V, fanka, ƙwai, cajar salula, cajar kwamfuta, a saye shi a haka, a bar inbata sai lokacin buƙata. Ga kayan da suke da mota a ciki irin injin markaɗenka, inbatar da aka rubuta pure sine wave ce ta dace.

Tambaya: Na sami fanel babba mai wat 550 irin na gida, na haɗa shi da ƙaramar kwantirola shuɗiya da batir 12V. Rana tana duka amma batir ba ya cika. An cuce ni ne a fanel ɗin?
— Mai karatu daga Potiskum

Amsa: Malam, mai yiwuwa fanel ɗinka lafiya lau yake. Duba takardar bayansa, za ka ga Vmp, wato ƙarfin wutarsa yayin aiki, kusan 41V, da Imp, wato amfiyarsa, kusan 13A. Ninka su ne yake ba da kusan 550. Kwantirolarka PWM ce, aikinta ta haɗa fanel da batir kai tsaye tana yankewa, sai fanel ya sauko zuwa ƙarfin batir. Amfiya 13 sau 13.5V, kusan wat 180. Kashi biyu cikin uku na abin da ka biya yana kan rufi bai sauko ba. Wasu ƙananan PWM ma ba a yi su don karɓar 50V ba, suna iya ƙonewa. MPPT ita ce take juya rarar ƙarfin ta koma amfiya. Ga fanel ɗinka nemi mai 40A, wadda take karɓar 100V.

Akwai PWM da ake manna wa sunan MPPT. Ta gaskiya tana da nauyi saboda naɗin jan ƙarfen da yake ciki. Gwajin da ba ya ƙarya: da hantsi, batir bai cika ba, ɗora mita a inda wayar fanel ta shiga. In ka ga 35V zuwa 41V, MPPT ce. In ka ga 13V ko 14V, PWM ce, ko me aka rubuta a kwalinta.

Tambaya: Ina zaune a Jamus, na sayi tsohuwar Sprinter na mayar da ita motar hutu don iyali. Fanel wat 400 ne, batir litiyam 200Ah. Da bazarar nan komai daidai. Tun Nuwamba batir ba ya cika, wata safiya ma ya ƙi karɓar caji gaba ɗaya.
— Mai karatu daga Hambog

Amsa: Alhaji, matsala biyu ce ta haɗu. Ta farko rana. A arewacin Jamus hasken da fanel kwantacce yake samu a watan Disamba bai kai awa ɗaya na cikakkiyar rana ba. Wat 400 ɗinka da yake ba da sama da 1,500Wh a Yuni, yanzu da ƙyar zai ba da 200. Ƙara fanel ba zai magance wannan ba. A hunturu dogaronka caji daga inji ne, da kuma cajar batir mai 20A da za ka jona da wutar 230V a wuraren yada zango, ta shuɗin fulogin nan nasu. Hitar dizal ma tana cin nata rabon: amfiya 8 zuwa 10 a mintunan tashi, sannan 1 zuwa 3 duk dare.

Ta biyu sanyi. Ba a cajin LiFePO4 in jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 0, domin litiyam yana taruwa ya daskare a cikin sel, lahanin kuma ba ya gyaruwa. Allon tsaron da yake cikin batir ɗin, BMS, shi ya rufe ƙofar caji a safiyar nan, kuma daidai ya yi. Ba da wuta kam yana iya yi a sanyi. Ka matso da batir cikin ɗakin da ake ɗumamawa, ka ɗaga shi daga ƙarfen ƙasa da katako ko soso, ko ka nemi mai ɗumama kansa. Ka kuma duba Voc na fanel ɗinka, wato ƙarfin da yake kaiwa in ba a jona shi da komai ba: a digiri 10 ƙasa da sifili yana hawa da kusan kashi 10 cikin ɗari, saboda haka jimlarsa bayan wannan ƙari kada ta kai iyakar kwantirola. Kada ka manta lasisin tuƙi na ajin B iyakarsa kilo 3,500. A ɗora motar a sikeli da ruwa da kaya da mutane a ciki.

Tambaya: Me zai hana in ja waya daga batirin mota zuwa batirin ɗaki, inji ya caja su tare?
— Mai karatu daga Tamale

Amsa: Caji daga inji shawara ce mai kyau, waya tsirara ce ba ta da kyau. In inji ya mutu batura biyun suna nan a haɗe, firij zai sha su duka, da safe kik ya ƙi. Idan duka na dalma ne, rile mai raba su ya wadatar: yana haɗa su in inji ya tashi, ya raba in ya tsaya. Litiyam daban yake. In ya yi ƙasa yakan zuƙi duk abin da altaneta za ta iya bayarwa, ita kuma in mota tana tsaye inji yana silo, fankarta ba ta juyawa da saurin da zai sanyaya ta, sai naɗinta ya ƙone. Sababbin motoci masu altaneta mai sarrafa kanta kuma suna sauke ƙarfin caji su ɗaga yadda kwamfutar mota ta ga dama, rile ya riƙa buɗewa yana rufewa.

Maganin caja ce da ake kira DC-DC, mai 20A ko 30A. Tana iyakance abin da ake ja, tana ba litiyam cajin da ya dace da shi, tana kuma tsayawa in inji ya tsaya. Mai 30A tana zuba kusan 420Wh a kowace awa ta tafiya. Awa uku a hanya sun cike litiyam mai 100Ah. Duba amfiyar da aka rubuta a altanetarka, kada cajar ta wuce kashi ɗaya cikin uku nata. In tazarar ta kai mita 4 ko 5 sa waya 16mm², da fis a kan kowane batir, domin wayar nan wuta take ɗauke da ita daga kai biyu.

Tambaya: Ni direban tirela ne, Kano zuwa Legas. A wurin jiran lodi nakan yi kwanaki. Na jona fanka da ƙaramin firij a batir ɗaya cikin biyun motar. Cikin shekara guda na canza batir sau biyu.
— Mai karatu daga Dawanau

Amsa: Direba, jonin nan ne yake cinye maka batura. Motarka 24V ce, batir biyu a jere, caji ɗaya yake ratsa su. Wanda kake ja daga jikinsa kullum yana baya, ba ya cika, farantansa suna yin farin gishirin da ba ya narkewa. Ɗan'uwansa kuma yana shan cajin da ya wuce kima, ruwansa yana ƙafewa. In ka canza ɗaya ka bar ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa. A canza su tare. Sayi na'urar da take sauke 24V zuwa 12V mai 15A ko 20A, ka jona ta a kan batura biyun da fis, ko ka duba jikin firij ɗin, da yawansu suna karɓar 12V da 24V duka. Ga zaman kwanaki, fanel ɗaya na gida mai wat 300 zuwa 400 da MPPT da aka saita a 24V zai riƙe ka. Sa abin yanke wuta da zai kashe kayan in batura sun sauka kusa da 24.4V, don a bar na tada inji.

Tambaya: Ni da maigidana muna bin kasuwannin ƙauye da kayan atamfa, muna kwana a bas. Sola za ta ɗauki AC da butar lantarki?
— Mai karatu daga Gusau

Amsa: Hajiya, AC kam a haƙura. Ƙaramin na gida yana cin wat 750 zuwa 900. Dare guda, ko da yana hutawa, kusan 5,000Wh. Wannan yana neman fanel sama da wat 1,400 da litiyam sama da 400Ah, rufin bas kuwa ba shi da filin. Da ɗan kaɗan daga wannan kuɗin za ku sami sauƙi na gaske: fankar rufi mai zuƙe iska mai zafi waje, soso ko abin hana zafi a manne ƙarƙashin rufin, farin fenti a sama, mayafi mai ƙyalli a gilasai da rana, da ragar sauro a tagogi don su kwana a buɗe. Buta ba ta cin wuta da yawa a jimla, lita guda kusan 110Wh, amma tana fizgar amfiya 140 ko fiye daga batir a lokaci guda, sai babbar inbata da waya mai kaurin gaske. Gas ya fi. A dafa a waje ko ƙofofi a buɗe. Gawayi kuwa kada a taɓa shiga da shi mota rufaffiya, ko don ɗumi a lokacin hunturu. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a barci take kashewa.

Tambaya: Tun da aka ɗaura mini fanel rufi yake yoyo, a hanya kuma ina jin ƙara a sama. Sannan in na faka a inuwa ba caji, in na faka a rana ba zama.
— Mai karatu daga Damagaram

Amsa: Malam, ƙarar nan a duba ta yau, kafin wata tafiya. A gudun kilomita 100 iska tana shiga ƙarƙashin fanel tana ɗaga shi, in ya ɓalle kuma na bayanka zai faɗa wa. Kowane fanel ƙafa huɗu zuwa shida na alminiyam, da kusoshi masu noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, 6mm ko 8mm, notin irin mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Sukurun da aka murɗa a fallen rufi kawai, ba noti ba washa daga ciki, yana faɗaɗa raminsa a hankali. Nan ƙarar take, nan ruwan yake bi. In motar tana da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a sama, a ɗaura a jikinta, ba sai an huda rufi ba. Inda aka huda, a goge, a shafa fentin hana tsatsa, a sa gam irin na foliyuriten kamar Sikaflex a ƙarƙashin ƙafar da kan kusar. Silikon na banɗaki yana saki a rana. Waya ta shiga ta akwatin shigar waya mai matse ta, ba ta bakin ƙofa ba. A bar santimita 4 zuwa 5 tsakanin fanel da rufi don iska ta ratsa. Fanel mai lanƙwasuwa da ake mannawa a jikin rufi ba shi da wannan sarari, zafin ƙasarmu yana gajarta masa kwana.

Inuwa ko ta reshe ɗaya ce tana iya karya ƙarfin fanel fiye da girmanta, domin sel ɗinsa a jere suke, wanda ya shiga duhu yana tare wa sauran hanya. In fanel biyu ne kuma inuwar kariya ko bishiya takan faɗa kan ɗaya, haɗa su faralel, + da +, − da −, don mai inuwa kada ya ja ɗan'uwansa. In sun kai uku kowanne da fis ɗinsa. Siris, wato + na wannan da − na wancan, ya fi in rufin fili ne, domin amfiya ba ta da yawa, siririyar waya ta isa.

Ga zaman inuwa, ajiye fanel mai naɗewa na wat 150 zuwa 200, da waya mita 10 mai kaurin 6mm², da ƙaramar kwantirolarsa daban kusa da batir. Mota tana ƙarƙashin darbejiya, shi yana fili, ana juya shi ya bi rana sau biyu ko uku a yini. A lokacin hazo a goge gilashin kowace safiya da ruwa da tsumma mai laushi, tun bai yi zafi ba. Busasshen tsumma a kan yashi yana karce shi, ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu kuma yana iya tsaga shi. Bayan tafiyar farko a kan burji a bi notuna duka da sifana, na rufi da na kan batir, sannan a riƙa maimaitawa kowane wata.